'Yata ta tsani launin fatarta saboda tsokanar 'yan ajinsu, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 10, tana aji biyar a firamare, kuma duk cikin 'ya'yana ita ta fi duhun fata. Tun zangon karatun da ya wuce 'yan ajinsu suka laƙa mata suna "Gawayi", in ta shigo aji sai wani ya ce an ɗauke wuta, a kwashe da dariya. Yarinyar da a da bakinta ba ya shiru, yanzu malamarsu ta ce ko hannu ba ta ɗagawa. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto, kusan kowace safiya sai ta ce cikinta na ciwo, shekaranjiya kuma na kama ta a ɗaki tana shafa man bilicin ɗin ƙanwata. Kullum ina gaya mata ita kyakkyawa ce, amma maganar ba ta shiga kunnenta. Ya zan yi ta dawo da ganin ƙimar kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana ita, ya saka miki da kika lura da wuri. Iyaye da yawa sai sakamakon jarrabawa ya zube suke farga, sannan su ɗora laifin a kan lalaci.

Gaya mata da kike yi cewa ita kyakkyawa ce ba laifi ba ne, kada ki daina. Sai dai kada ki sa ran shi kaɗai zai yi aikin. Yarinya 'yar shekara goma ta riga ta san uwa ba ta kushe abin da ta haifa. A lissafinta, ke dole ce ta sa ki faɗa. 'Yan ajin kuwa babu wanda ya tilasta musu, ga su da yawa, kullum bakinsu ɗaya, don haka su ne masu gaskiya. Yaro yana auna darajarsa ne da abin da yake gani ana yi da shi: in ya kawo kuka a saurare shi, in an cuce shi wani babba ya tsaya masa, a gida ba a maimaita abin da ake yi masa a waje, kuma akwai abin da shi da kansa ya san ya iya. Aikin da ke gabanki ke nan, kuma yawancinsa ba da baki ake yi ba.

Ki fara tsayar da zuciyarki a kan cewa wannan ba wasa ba ne, domin duk inda kika kai maganar za a ce miki "ai wasan yara ne". Mu mutane ne masu wasa, babu musu. Taubasai suna yi, jika da kaka suna yi, Bafulatani da Babarbare in sun haɗu sai cikin mutum ya ƙulle don dariya. Amma a irin wannan wasan kowa yana da bakin ramawa, kowa yana dariya, kuma da zarar fuskar ɗaya ta canza sai a ba shi haƙuri a bari. Abin da ake yi wa 'yarki babu ko ɗaya daga ciki. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya fara bin diddigin cin zalin ɗalibai a Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, ya ce ana gane shi da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa. Aji guda a kan yarinya ɗaya, zango guda cur, ai magana ta ƙare. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa a makaranta cikin watan da ya gabaci ranar da aka tambaye su, a ƙasashenmu na kudu da Sahara kusan rabi, kuma dalilin da yaran suka fi ambata shi ne kamannin jiki.

Kafin ki taka ƙafa zuwa makaranta, ki ji labarin daga bakinta. Kada ki zaunar da ita gaba da gaba. Yara ba sa buɗe ciki in ana kallon ƙwayar idonsu. Lokacin kitso ya fi. Kanta yana kan cinyarki, hannunki yana cikin gashinta, ba ta ganin fuskarki. Ki ce, "Na ji sunan da suke kiranki da shi, kuma ya ɓata min rai. Yaushe aka fara?" Sai ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, ki daure. In ta fara kuka ki bar ta ta yi, kada ki ce ai ba komai. Akwai maganganun da ke saurin zuwa bakin uwa waɗanda suke sa yaro ya ja bakinsa ya tsuke: "ki rabu da su mana", "ke ma kin cika saurin kuka", "me kika yi musu?", "in sun faɗa miki ki rama". Kowacce a kunnenta ma'anarta ɗaya, wato gyaran yana hannunta, tun da kuma ta kasa, laifinta ne. Abin da take bukatar ji gajere ne: na yarda da ke, abin da suke yi ba daidai ba ne, ba ke kika jawo ba, kuma ba zan bar ki ke kaɗai da shi ba.

In ta saki jiki, ki tambayi wa ke farawa, kuma a ina: cikin aji, lokacin tara, ko a adaidaitar da ke kwaso su? Malama tana wurin? Tambayar da na fi so iyaye su yi ita ce: wace ce ba ta dariya? Da wuya a rasa yarinya ɗaya ko biyu da ke sunkuyar da kai in an fara. Ki riƙe sunayensu. Wataƙila ta roƙe ki kada ki gaya wa kowa, don tana tsoron abin ya ƙaru. Kada ki yi mata alkawarin da ba za ki cika ba. Ki ce dole manya su shiga maganar, amma ba za ki yi komai ba sai ta sani tukun, kuma za ki ji shawararta a kan yadda za a yi.

Yanzu ga inda nake so ki yi haƙuri da ni. 'Yan aji biyar ba su suka ƙirƙiro cewa fari ya fi baƙi ba, a bakinmu suka ji. Ranar suna mata suna leƙa kunnen jaririya don su ga ko za ta riƙe farinta, in ya yi duhu a ce "wannan fa za ta rine". A gidan biki ana yabon amarya da cewa ta yi fari tas. Baƙuwa ta shigo ta dubi 'ya'yanki ta ce, "Ita wannan ina ta samo baƙinta?" kowa ya yi dariya har da ke, don kada a ce kin ɗau zafi. Hoton Sallah kuma sai an bi shi da abin haskaka fuska na waya kafin a ɗora a WhatsApp. Duk wannan 'yarki tana gefe tana ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da a gida ba ta taɓa jin cewa launinta abin a tausaya mata ba ne, da sunan nan ya yi mata zafi, amma da wuya ya kai ta ga kwalbar man ƙanwarki.

Saboda haka ki yi mako guda kina kasa kunne a gidanki. Me 'yan'uwanta suke ce mata in faɗa ya haɗa su? Me kakarta take ce mata da sunan wasa? Wasan kaka da jika gado ne, ban ce a kashe shi ba, amma a roƙi Hajiya cikin ladabi, ta bakin ɗanta in uwar miji ce, ta canza abin tsokanar. Ta tsokane ta da rowa ko da son nama, ta bar fata. Ga yayye da ƙanne kuwa doka ce, ba roƙo ba: a gidan nan ba a zagin mutum da halittarsa. In baƙuwa ta sake yin irin waccan magana, ki amsa a gaban yarinyar, da fara'a: "Launin kakarta ta ɗauko, mu kuwa muna son abinmu." Wannan amsa ɗaya da ta ji kin bayar a gaban mutane ta fi "kina da kyau" ɗari da kika faɗa mata a ɗaki, domin a nan ta ga kin fifita ta a kan kunyar baƙuwa.

Batun man kuwa, kada ki doke ta, kada ki kunyata ta a gaban 'yan'uwanta. Ba rashin ji ba ne, magani ta je nema. Amma a ɗauke shi daga inda hannunta zai kai yau ɗin nan, a kuma yi wa ƙanwarki magana. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da sinadarin haidrokwinon ko sitiroyid mai ƙarfi, wasu har da zaiba. Jikin yaro ya fi na babba saurin cutuwa da abin da aka shafa masa. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya sa rauni ya ƙi warkewa; zaiba kuma tana lalata ƙoda da jijiyoyi. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya a 2023. Ki tambaye ta a hankali tun yaushe take shafawa. In sau ɗaya ko biyu ne, a wanke a bari. In an yi makonni, ki ɗauki kwalbar ku je wurin likita, don mai sitiroyid in an daɗe ana shafawa fata tana iya yin bore ranar da aka yanke shi kwatsam. Sannan ki yi mata bayani irin na masu hankali: kowa yana da wani sinadari a fata mai suna melanin da ke kare ta daga rana, nata ne ya fi yawa. Ba datti ba ne, ba ciwo ba ne bare a nemi maganinsa. Yara da yawa a ɓoye suna zaton in sun dirje jiki da soso zai fita.

Makaranta dole a je, ke ko mahaifinta ko ku biyun, don duk abin da kika gina da yamma za a rushe shi da safe in ba a tsayar da abin ba. Amma kada ki faɗa aji kina neman ɗan gidan uban da ya fara, kada kuma ki nemi a fito da su gaban asambile a zane su. Ranar za ki huce, washegari 'yarki ta samu sabon suna, mai kai ƙara. Ki nemi malamar ajin ku zauna ku biyu, ki zo da abin da kika rubuta: ranar kaza an ce kaza a wuri kaza, ga abin da ya canza a yarinyar. Malamar da ke fama da yara sittin ko saba'in mai yiwuwa ba ta ma ji ba, ko ta ji ta ɗauka raha ce. Ki shigo mata da neman taimako. Ki kuma bincika ko akwai malamin da shi ma yake kiran yara da irin waɗannan sunaye, don yana faruwa, kuma in daga sama abin ya fito, maganar ta shugaban makaranta ce kai tsaye.

Abin da za ki roƙa ya zama takamaimai. A raba mata wurin zama da masu farawa. A kira su ɗaya bayan ɗaya a gaya musu an sani, ya tsaya daga yau, in ya ci gaba a kira iyayensu. Duk lokacin da aka faɗi sunan malama ta tsawatar nan take, a taƙaice, ba tare da ta mai da 'yarki abin kallo ba. Amma babban aikin yana kan masu dariya. Wasu masu bincike, Debra Pepler da Wendy Craig, a Kanada sun ɗauki bidiyon filin wasan makarantun firamare, suka ga a mafi yawan lokutan da ake cin zalin yaro akwai wasu yara tsaye suna kallo. In kuwa ɗayansu ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. Yaron da ya ce an ɗauke wuta ba 'yarki yake kallo ba in ya faɗa, aji yake kallo. Ranar da ya faɗa aka yi tsit, ba zai ƙara marmarin faɗa ba. Malama mai dabara za ta iya yi wa aji duka wannan darasi ba tare da ta kama sunan kowa ba, kuma tana da hujjar da yaran suke biyawa a Islamiyya: aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili, ta ware mata ta ce kada wasu mata su yi wa wasu, ta kuma hana jifan juna da miyagun laƙabi.

Ku sa ranar da za ki dawo, bayan mako biyu misali. In babu canji sai shugaban makaranta, sannan ƙungiyar iyaye da malamai (PTA), ko kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) in ta gwamnati ce. In zango ya ƙare ana ta ce miki wasan yara ne, ki canza mata makaranta, ki kuma bayyana mata cewa makarantar ce ta gaza, ba ita ba.

Ita ma tana bukatar abin faɗa, don tsayawa tsuru-tsuru a gaban aji yana cikin abin da ya fi ci mata rai. Ba zagi za ki koya mata ba. Magana ɗaya gajeriya, murya a kwance, kai a ɗage: "Eh, ni baƙa ce, sai aka yi yaya?" Ta faɗa ta wuce wurin ƙawarta, ba ta tsaya jiran amsa ba. Ku gwada a gida in ta yarda, ke ki zama mai tsokanar, har maganar ta zauna a bakinta. Ki gaya mata in ranar ta zo hawaye ya riga ta, ba ta yi laifi ba, tsayar da abin aikin manya ne.

Sai ginin kansa. Susan Harter, Ba'amurkiyar da ta shafe shekaru tana auna yadda yara ke ganin kansu, ta nuna cewa ƙimar yaro a idonsa tana dogara da abu biyu: yadda yake ganin ya iya abin da shi yake ɗauka da muhimmanci, da yadda mutanen da ke da girma a zuciyarsa suka karɓe shi. Ki lura, abin da shi ya ɗauka da muhimmanci, ba wanda aka zaɓa masa ba. Yanzu duk tunanin 'yarki ya tattaru a kan fata. Me take yi har ta manta da lokaci? Wata hadda ce, wata lissafi, wata zanen lalle, wata saƙa, wata ba da tatsuniya har ƙanne su yi barci. Ki nemo shi ki ba shi lokaci da kayan aiki, ki haɗa ta da wanda ya fi ta iyawa. In lalle ne, ki miƙa mata hannunki ta koya a kai, ko da na farkon ya caɓe. Ranar da ya fara kyau ki fita unguwa da shi, in an tambaya ki ce ita ta yi miki, tana ji. In karatu ne, ki roƙi malamin Islamiyya ya sa ta riƙa biya wa ƙanana. A gida ki ba ta aikin da in ba ta yi ba za a ji rashinsa, ba shara da wanke-wanke kaɗai ba: lissafin kuɗin cefane, ko miyar ranar Juma'a tun daga jajjage har saukewa, kina gefe. Abin da hannunta ya yi ta gani, babu ɗan ajin da zai musa mata shi.

Yabo kuma yana da ƙa'ida. Eddie Brummelman da abokan aikinsa a Holan sun wallafa bincike a 2014 da ya nuna manya sun fi zuba yabo mai ƙarin gishiri a kan yaran da suka ga suna raina kansu, kuma irin waɗannan yaran in an ce zanensu ya yi kyau fiye da misali, sai su riƙa gudun gwada abu mai wuya, don tsoron kada su kasa. Don haka "kin fi kowa kyau a duniya" ba ya aiki. Ta san ba haka ba ne, kuma yana ƙara tabbatar mata cewa gasar kyau ake yi. Ki yabi abin da ido ya gani, daidai girmansa: "Na ga yadda kika yi ta maimaita ayar nan har ta zauna." In jikinta za ki yaba, ki yi a wucewa yadda za ki yi wa kowacce: atamfar nan ta karɓe ki. Ki guji irin maganar nan ta "su fari gare su, ke kuma ƙwaƙwalwa". Kin amince ke nan cewa an rage mata wani abu ana biyan ta diyya, kin kuma shuka gaba tsakaninta da 'yan'uwanta.

Na san yabon ɗa a gabansa yana yi mana nauyi. Akwai alkunya, musamman ga ɗan fari, akwai tsoron baki, akwai tsoron kada kai ya kumbura. A babban gida irin na da wannan bai cika yin illa ba, don in uwa ta kawar da kai akwai kaka da gwaggo da inna masu shagwaɓa yaro su yi masa kirari. Yanzu gidaje da yawa daga miji sai mata sai 'ya'ya a ɗaki biyu na haya. In ku biyun kuka yi alkunya, babu mai yi. Mahaifinta musamman. Ba sai ya iya dogon zance ba. Ya ɗauke ta ita kaɗai su je sayen wani abu, ya tambayi ra'ayinta, ya saurari karatunta bayan Magariba. Yarinyar da ta san babanta yana ji da ita a fili ba ta cika yarda da hukuncin ɗan aji biyar ba.

Ki koma kan yarinyar nan da ba ta dariya. Wani bincike a kan 'yan firamare a Kanada da ya fito a 1999 ya nuna yaron da ake tsangwama, in yana da aboki ɗaya na ƙut-da-ƙut, damuwar ba ta cin sa kamar wanda ba shi da kowa. Ba sai aji duka sun so ta ba. Ki san uwar yarinyar, ki gayyato ta wata ranar hutu su yi aikin gida tare. In babu a ajin, a nema a Islamiyya ko cikin dangi, inda ba a san sunan nan ba.

Addini yana da abin faɗa sosai, amma a iya zaɓa. Iyaye sukan yi saurin kawo hadisin da ke cewa Allah ba ya duban surorinku sai zukatanku da ayyukanku. Ingantacce ne, yana cikin Muslim, amma yarinyar da ke cikin wannan hali abin da za ta ji shi ne surar tata dai ba ta da kyau, Allah ne kawai ba ya dubawa. Ki fara da aya ta 22 a Suratur Rum, inda Allah ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, a jere ɗaya da halittar sammai da ƙasa. Ki ba ta labarin Ummu Aimana, Bahabashiyar da ta reni Manzon Allah (SAW), da ɗanta Usama, mai duhun fata, wanda ake kira masoyin Manzon Allah ɗan masoyinsa. Da ranar da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum uwarsa: wanda Annabi ya tsawatar wa shi ne mai gorin, ya ce masa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in shi kaɗai muke miƙa wa yaron da ake zalunta, sai ya ɗauka haka ya cancanta.

Ciwon cikin safe ba ƙarya ba ne, fargaba tana sauka a ciki ko a manya. Ki lura ko yana ɓacewa ranakun da babu makaranta. Ko da haka ne, a bari likita ya duba ta don a kawar da wani dalilin. Kada zaman gida ya zama al'ada, domin kowace ranar da ta tsallake tana ƙara wa komawa nauyi. Gara ki riƙa raka ta har ƙofa na ɗan lokaci. Akwai kuma alamun da ba a jira da su: ta daina cin abinci ko barci, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari, ta janye daga duk abin da take jin daɗinsa har mako biyu ko fiye, ta riƙa dirje fata har ta sale, ko ki ji ta ce "da ma ba a haife ni ba" ko "gara in mutu". Irin wannan magana ba a amsa ta da "ki daina faɗar haka". Tambaya ake yi a natse, a kuma nemi likita ba tare da jinkiri ba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na ABU a Shika suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Ko an yi komai daidai, kada ki sa ran canji cikin mako. Yawanci a gida ake fara gani: surutu ya dawo, ta fara musu da yayyenta. Aji shi ne na ƙarshe, kuma farkon sabon zango abin yakan ɗan motsa, ki shirya masa. In ta dawo daga makaranta, kada "sun tsokane ki yau?" ta zama gaisuwarku. Yin haka kullum yana mai da ita yarinyar da ake tsokana har a gidansu, wasu yaran ma sukan fara ɓoyewa don kada ran uwa ya ɓaci. Ki tambaye ta da wa ta ci abincin tara, me aka koya, me ya ba ta dariya. Waccan maganar ki ware mata lokaci ɗaya a mako, sauran labarin kuma ki riƙa jin sa daga malamar ajin ta waya.